Shekarar da "Babu" Ta Zama Albishir

Ya ku 'ya'yana da jikokina, na sha jin ku kuna ba baƙi labarin yadda na bar koyarwa, kuma kowa da irin nasa. Wani ya ce faɗa na yi da manyan ofis, wata ta ce babanku ne ya hana ni fita. Ranar sunan 'yar Zainabu har na jiyo wata jikata tana cewa wai ciwon gwiwa ne ya zaunar da ni. Duk babu ko ɗaya. Babanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tare mini ƙofa ba, gwiwata kuwa a lokacin garau take. Tun ina da sauran numfashi bari in gaya muku yadda abin ya faru, kowa ya huta da ƙirƙira.

A wancan lokacin ni malamar Turanci ce a wata firamare cikin birnin Daura, na daɗe ina yi har ɗalibaina na farko sun fara kawo mini 'ya'yansu. Ina ji da Turancina ƙwarai. A gida mu uku ne manya: ni, da babanku Malam Lawal da ke ɗinki a bakin kasuwa, da mahaifiyarsa Iya, wadda ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai 'yar boko. To da kakar waccan shekarar, ana cikin yankan gero, sai ga Yaya Binta daga ƙauyenmu na bayan Sandamu. Ku da ba ku riske ta ba, ita ce ta goya ni bayan rasuwar innarmu, ita ta yi mini kitson farko da na shiga makaranta da shi. Ta zo da ƙulli a nononta na hagu, ta daɗe tana ɓoyewa. Na kai ta asibiti, aka yi mata aiki aka cire, aka ce za a aika da abin Kano a gwada, a ga ko mugun ciwon nan ne da mutane ba sa son ambaton sunansa.

Ranar da aka ce a koma jin sakamako ta faɗo ranar jarrabawar yara, ban samu fita ba. Sai maƙwabciyarmu Asabe ta raka ta. Likitan da suka tarar wani saurayi ne ɗan bautar ƙasa daga kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" da "babu" ba. Da na dawo bayan azahar, tun daga zaure na ji gidan ya yi tsit, ko tukunya ba a ɗora ba. Na tarar da Yaya a kan tabarma ta juya fuska bango, akwatinta a buɗe, ta riga ta rabar da zannuwanta ga matan layi. Iya na gefe da carbi.

"Sun sallame ta, 'yar boko," in ji Iya. "Sun ce babu."

"Babu me, Iya?"

Asabe ta share hawaye ta ce, "Wallahi Malama da kunnena na ji. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce negatif. Yaya ta ce a ba ta magani, ya ce babu magani, babu komai, tafi gida. Ya ce discaj."

Da na ji kalmar negatif sai na yanke ƙauna. Ni da na koyar da ita shekara da shekaru, na san ta da kore abu, na san ta da mugun hali da mummunan zato. Wane alheri ne zai fito daga bakin likita da wannan kalma? Yaya ta kama hannuna ta ce in yafe mata dukan da ta yi mini ina ƙarama, ta ce a aika wa Baba, mahaifinmu, a ƙauye. Ranar ko ruwa ba ta sha ba.

Washegari da sassafe na ɗauki mayafina na nufi asibiti, niyyata in roƙi likitan ya rubuta mana zuwa Kano ko Zariya, ko a ina ne dai kada a bar ta ta mutu a tabarma. Na same shi da wata nas mai suna Sista Rabi, 'yar garinmu, wadda jiya ba ta aiki. Na jera masa Turancina mai kyau. Yaron nan ya tsaya yana kallona, can sai ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce shi fa jiya da murna ya koma masauki, yana ganin ya yi wa tsohuwa albishir. Sista Rabi ta zaunar da ni a benci ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce a asibiti negatif na nufin an nemi cutar ba a same ta ba. Ta ce ƙullin Yaya irin wanda suke kira binain ne, wato kumburi marar mugunta, ba ya yaɗuwa, an cire shi an gama. Babu magani kuwa, don ba ta buƙatarsa ne. Discaj kuma sallama ce ta wanda ya warke.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ko sallama ban yi musu ba, na fito da gudu, ni da girmana, malamar makaranta. Na tare ɗan acaɓa ina ce masa ya yi sauri, shi yana tambaya ko rasuwa aka yi, ni ina dariya ina kuka. A bakin layinmu na dira tun bai gama tsayawa ba, takalmina ɗaya ya fice, ban waiwaye shi ba. Tun daga zaure nake ƙwala kira.

"Yaya! Yaya, albishirinki! Babu! Babu!"

Ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Ai na ji tun jiya, Hadiza."

Iya ta harare ni ta ce, "Wace irin magana ce wannan da babu ke zama albishir? Ko bokon ne ya taɓa ki?"

Na tsuguna gabansu ina haki. Na ce, "Iya, idan kin ji motsi a ɗakinki kika kira maza suka kwashe kaya, suka ɗaga gado, suka leƙa bayan randa, sannan suka ce miki babu maciji, kuka za ki yi ko guɗa?"

Iya ta ɗago kai. Ta dubi Yaya, ta dube ni. Sai kawai ta ajiye carbi ta toshe hanci ta rangaɗa guɗar da ban taɓa jin irinta ba ko a bikin ɗanta. Mata suka yi ta shigowa ba mayafi. Yaya Binta ta tashi zaune, ta sa na maimaita mata har ta gamsu, sannan maganar farko da ta fito daga bakinta ita ce:

"Asabe, maido mini atamfata mai ruwan goro. Sauran ku riƙe, amma wannan ban gama da ita ba."

Ranar dambu aka yi da zogale, Yaya ta cinye kwano ta nemi ƙari.

Daga wannan rana wani abu ya kama ni kamar zazzaɓi. Na ga ashe Turanci biyu ne: akwai na aji, akwai na asibiti, kuma kamarsu ɗaya kamar tagwaye amma halinsu daban. Da an tashi makaranta sai in zarce wurin Sista Rabi, in zauna gefe ina sauraro, duk kalmar da ta wuce ni in tambaya. Ita ma abin ya yi mata daɗi, ta ce ba ta taɓa samun ɗaliba mai naci kamata ba. In na dawo gida kuma, muna cin tuwo a tsakar gida bayan magariba, sai in baje musu abin da na samo kamar wadda ta dawo daga kasuwar Mai'adua. Na gaya musu kalmar da nake koya wa yara da ma'anar mai haƙuri, feshan, da ita ake kiran majinyaci.

"A nan kam Nasara bai yi ƙarya ba," in ji Iya. "Mai ciwo ai haƙuri ne sunansa."

Na ce musu naƙuda kuwa leba ake ce mata, wato dai kalmar nan da muka samo lebura daga gare ta. Iya ta yi dariya har ta ƙware.

"Ashe leburanci muka yi ta yi muku ba lada! Lawal, ka ji ko? Ni ce leburar da ta ɗauko ka."

Babanku ya sunkuyar da kai yana murmushi. Shi abin da ya fi ba shi mamaki dresin, da na ce masa ba sa kaya ba ne, wanke ciwo ne a naɗe shi. Ya ce to ashe shi da nas sana'arsu ɗaya, har ɗinkin ma suna yi. Tiyata da kowa ya sani da yanka, ni a aji ɗakin wasan kwaikwayo nake koya wa yara. Fozitif kuma ita ce mai wuyar sha'ani, don ba ta da fuska ɗaya. Ma'anarta dai an samu abin da ake nema. In gwajin ciki ne, amarya ta yi murna. In gwajin tarin fuka ne, a ɗaura ɗamarar shan magani. Na koyi cewa kafin ka yi kuka ko guɗa, sai ka fara tambaya me aka nema. Haka kwas: in an ce ka gama kwas ɗin magani, ana nufin ka shanye shi duka ko da ka ji sauƙi, ba ka ajiye saura don wata rana ba, yadda kowane gida a unguwarmu ke yi.

Asabe kuwa bakinta ba ya riƙe magana. Kafin a kai sanyi labarin ya zaga, mata suka fara sallama da yamma. Wata ta ce an ce mata tana da alaji, shin aljanu ake nufi? In ce a'a, jikinta ne ba ya shiri da wani magani ko wani abinci, ta riƙe sunansa ta faɗa wa kowane likita. Wata an ce mijinta istebul yake, ta zaci an gama. In ce ciwon ne ya tsaya wuri ɗaya bai ƙaru ba, ta gode wa Allah. Da na ba Sista Rabi labari sai ta ja kunnena.

"Malama, ke baki ce, ba likita ba. Abin da aka faɗa shi za ki mayar, kada ki ƙara gishiri, kada ki rage. In ba ki gane ba, ki dawo ki tambaya."

Wannan magana na riƙe ta har na daina aikin.

Abin da ya raba gardama ya faru wata safiya da na biya asibiti kafin in wuce makaranta. A bakin ƙofa na ga wani dattijo daga ƙauyukan bakin iyaka yana ƙoƙarin ɗora 'yarsa a bayan babur. Yarinyar na da tsohon ciki, ta galabaita, ko wuyanta ba ta iya riƙewa. Na ce masa lafiya? Ya ce cikin fushi sun kore su, an ce rifa, shi gida zai mayar da ita a yi na gargajiya. Na riƙe kan babur ɗin da hannu biyu. Na ce, Baba, ba kora ba ce, rifa turawa ce zuwa asibitin da ya fi wannan kayan aiki, kuma mota ake nemo muku yanzu haka. Bai yarda ba sai da na ja shi har gaban Sista Rabi ta rantse masa. Aka sa su a mota. Ni kuwa na isa makaranta rana ta yi tsaka, yarana sun zauna ba malami, suna ta jifar juna da alli. Bayan wani lokaci dattijon ya nemo gidanmu da ƙwaryar fura da zabi, ya ce an yi mata aiki, ta tashi, ɗan ma namiji ne yana nan.

A cikin wannan zangon ne aka kira ni ofis aka ce an zaɓe ni in zama shugabar makarantarmu. Abin da na daɗe ina jira ke nan. Na fito da takardar a hannu, amma maimakon in ji daɗi sai zuciyata ta tafi bencin asibiti, ina tunanin wa ke zaune can yanzu an faɗa masa kalma ya tashi da akasinta. Na kai wa babanku maganar a shagonsa. Ya tsayar da keke ya saurare ni har na gama.

"Hadiza, ni tela ne," in ji shi. "Allura ɗaya ba ta ɗinka riga biyu lokaci guda. Ranar nan kin bar yaran mutane ba malami. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe da kyau. Ni ba ni ne matsalarki ba. Matsalarki tana Sandamu."

Gaskiya ya faɗa. Kakanku, Baba, shi ne mutumin da ya sa ni makaranta lokacin da duk ƙauyen ke ce masa ya lalata 'ya. Ya sha gori a masallaci da kasuwa saboda ni. Burinsa a duniya ya ga ranar da za a ce 'yarsa ce ke riƙe da makaranta sukutum, ya dubi waɗanda suka yi masa dariya. Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran igiya. Na gaya masa an ba ni shugabancin makarantar, fuskarsa ta washe har ya fara kiran maƙwabta. Na ce ya dakata, ban gama ba. Na ce zan ajiye aikin in koma tafinta a asibiti, don Allah kawai, ba wanda ya ɗauke ni.

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Na kai ki makaranta ne don ki zama 'yar rakiyar asibiti?"

"Baba, da ba a gane maganar nan ba, da yanzu Yaya ta kashe kanta da yunwa a kan ciwon da babu shi."

"Allah ne ya tashe ta, ba ke ba."

"Haka ne, Baba."

"To je ki. Kin girma."

Ya ci gaba da igiyarsa. Kada wani ya gaya muku abin bai yi mini ciwo ba. Baba ya daina sauka gidanmu in ya shigo Daura, sai dai in ji a bakin mutane ya zo ya koma. Wadda aka ba kujerar ƙanwar bayana ce a aiki. Da safe in na ji ƙararrawar makaranta daga nesa, sai in tsaya da tsintsiya a hannu kamar an kira sunana. Wasu abokan aikina suka riƙa cewa na samu taɓin hankali. Amma da na shiga asibiti na ji ana "ga Malama nan, ku jira ta zo", sai in ji jinina ya tashi kamar na budurwa. Babu abin da ya kai daɗin ganin fuskar mutum lokacin da magana ta shige shi. Tsoro ne ke sauka daga kafaɗarsa kana kallo. Ko labarin ba mai daɗi ba ne, gara wanda ya san abin da ke damunsa da wanda aka bari cikin duhu. Likitan nan ɗan kudu kuwa, kafin ya gama bautar ƙasarsa na koya masa ya daina cewa "babu" tsirara, sai dai "Mama, albishirinki, babu ciwo."

Damina ta kusa fita sai aka kawo Baba a mota, jiri ya kayar da shi a gona. Aka kwantar da shi. Na tsaya bakin gadonsa, ya kau da kai. Likita ya zo ya auna shi ya yi bayani, Baba ya tsinci kalma ɗaya a ciki, kuronik, wadda ya taɓa ji an faɗa wa wani amininsa kafin ya rasu. Na ga hannunsa ya damƙe zanen gado. Ya dubi silin, ya yi magana kamar da bango yake.

"A gaya mini gaskiya. Tafiya ce?"

Na ce, "Baba, jininka ne ya hau, shi suke kira firesha. Kuronik kuma ba ta nufin mai kisa. Tana nufin ciwon da ya zo zama. Baƙo ne da ba ya komawa, amma in kana ba shi haƙƙinsa kullum, ƙwaya ɗaya da rage gishiri, sai ku zauna lafiya har tsufa."

"Tsufa kuma na nawa?" in ji shi.

Amma hannunsa ya saki zanen. Kun dai san ya rayu bayan nan har ya ga auren Zainabu, yana faɗa da Yaya Binta kullum a kan miya ba gishiri. Ranar dai na zauna da shi har la'asar. Da na tashi tafiya na yi masa sallama, sai ya yi gyaran murya.

"Har yanzu dai da kin karɓi makarantar nan ya fi," ya ce.

"To, Baba."

Na kai bakin ƙofa sai ya sake kirana, ya nuna wani tsoho a gadon da ke kallon nasa, ya rage murya.

"Gobe ki zo da wuri. Wancan bawan Allah tun safe aka yi masa Turanci, bai ci abinci ba."